Yadda Ake Amfani da Gilaikolik Asid a Fata, Kai da Farce Ba Tare da An Ƙone Ba

Shekara biyu da suka wuce, ana saura kwana goma sha biyu a ɗaura auren 'yar yayata, wata mai sayar da kayan gyaran jiki ta ba ta wani ruwa a cikin ƙaramar kwalba mai murfin ɗigo, babu sunan kamfani a jikinta, babu ranar lalacewa, sai wata 'yar takarda da aka manna aka rubuta sunan sinadarin da biro. Ta ce mata ta riƙa shafawa kowane dare tana kwana da shi, wai kafin ranar kamu fuskarta za ta koma kamar ta jariri. A daren farko yarinyar ta ji raɗaɗi, da ta kira mai kayan sai aka ce mata alamar maganin yana ci ne. A dare na uku kumatunta biyu suka saɓule kamar wadda tafasasshen ruwa ya zubo wa, kuma da wurin ya warke sai ya bar baƙin tabo mai faɗin tafin hannun yaro a kowane kunci. Hoda ce ta rufa mata asiri ranar biki, tabon kuwa sai da ya haura wata bakwai kafin ya dusashe.

Sinadarin da aka rubuta a takardar nan, wato gilaikolik asid, yana cikin abubuwan gyaran fata da likitoci suka daɗe suna nazari a kansu, kuma yana da amfani na gaske ga wanda ya san ƙa'idarsa. Abin da mai fata baƙa ko wankan tarwaɗa ya kamata ya riƙe tun daga farko shi ne, duk lokacin da wani abu ya ji wa fatarmu ciwo ko ya sa ta kumbura, ƙwayoyin da ke samar da launi a cikinta sukan ƙara zuba launin a daidai wurin, sai ciwon ya warke ya bar tabo. Baturen da ya yi ganganci da wannan sinadari sau da yawa yakan yi ja na 'yan kwanaki ya koma yadda yake, mu kuwa abin da muka je cirewa shi muke ninkawa. A kan wannan ne na gina duk matakan da ke tafe.

Mene ne shi, kuma yaya yake aiki

Ana samun gilaikolik asid a cikin rake da ɗanyen inabi da wasu tsirrai, ko da yake yawancin wanda ake zubawa a kayan kwalliya a masana'anta ake haɗa shi. A jikin kwalba ana rubuta shi Glycolic Acid, kuma yana cikin dangin sinadaran da ake taƙaita sunansu da AHA, tare da laktik asid da ake samu a nono mai tsami da mandelik asid da asalinsa daga 'ya'yan almon masu ɗaci ne. Likitan fata Eugene Van Scott da abokin aikinsa Ruey Yu, a Amurka, su ne suka fito da amfanin wannan dangi a shekarar 1974, lokacin da suke neman magani ga masu wata larura da ke sa fata ta bushe ta yi ɓawo-ɓawo kamar na kifi.

Saman fatar mutum matattun ƙwayoyi ne a jere, wani kan wani, kuma akwai abin da ke riƙe su da juna kamar yadda laka ke riƙe tubali. Aikin sinadarin shi ne ya sassauta wannan riƙon, sai matattun su zube da wuri, sabuwar fatar da ke ƙasa ta bayyana. Daga nan ne ake samun laushi da sheƙi, ƙofofin gashi su rage toshewa, tabon da ke sama-sama kuma ya riƙa dusashewa a hankali. A duk danginsa shi ne mai mafi ƙanƙantar ƙwaya, shi ya sa ya fi su saurin kutsawa cikin fata, kuma shi ya sa ya fi su saurin ƙona ta idan aka wuce gona da iri. Ba man bilicin ba ne, ba ya kashe launin da aka halicci mutum da shi, kuma duk wanda ya sayar da shi da alƙawarin zai mayar da baƙa fara, to ko dai ƙarya yake yi ko kuwa ya cakuɗa wani abu dabam a ciki.

Mataki na farko: a duba halin da fatar take ciki

Kafin a kashe ko sisi, a tsaya gaban madubi da rana, a wuri mai haske, a duba fatar da gaskiya. Idan akwai ƙujewa, ko ƙurji mai ruwa, ko wurin da ke ƙaiƙayi yana ja, ko ƙunar rana, ko ƙurajen zazzaɓi a gefen baki, to ba lokacin fara wannan sinadari ba ne, sai wurin ya warke sarai. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwayar aisotiretinoyin saboda ƙurajen fuska masu tsanani shi ma ya haƙura, domin maganin yana sa fata ta bushe ta yi rauni ƙwarai. Mai juna biyu da mai shayarwa suna iya amfani da mai sauƙin ƙarfi, don ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta lissafa shi cikin abubuwan shafawa da aka yarda da su a lokacin ciki, amma ya kyautu a faɗa wa ma'aikaciyar awo.

Inda na fi jin tsoro shi ne wurin wadda ta daɗe tana shafa man bilicin. Yawancin mayukan nan suna ɗauke da sinadaran sitiroyid mai ƙarfi ko haidurokwinon, wasu har da makuri, wato zaiba, kuma sitiroyid yana siranta fata har a riƙa hango korayen jijiyoyi ta cikinta, nankarwa ta fito a damtse da cinya, fuska ta riƙa zafi da zarar an shiga rana. Zuba asid a kan irin wannan fata daidai yake da goga dutse a kan gyambo. Ita wannan likitan fata take buƙata ya tsara mata yadda za ta janye daga man a hankali, domin yanke sitiroyid farat ɗaya yana tayar da ƙuraje da ja, sannan bayan wasu watanni, idan fatar ta murmure, a yi maganar gilaikolik. Haka kuma baƙin da ke fita a kumatu mai ɗan shuɗi-shuɗi bayan shekaru ana shafa haidurokwinon yana can ƙasan fata, wannan sinadari ba ya kaiwa gare shi.

Mataki na biyu: zaɓen kwalba

Lambobi biyu ne suke nuna ƙarfin abin da ke cikin kwalba. Ta farko ita ce kashi nawa ne cikin ɗari, ta biyu kuma ma'aunin tsami da ake rubutawa pH, wanda duk lokacin da ya yi ƙasa to tsamin ya ƙaru. Kwamitin masana da ke tantance sinadaran kayan kwalliya a Amurka ya bayyana tun 1998 cewa abin da ya dace mutum ya shafa da kansa a gida shi ne wanda bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, kuma pH ɗinsa bai gaza 3.5 ba. Wanda ya kai kashi 30 na ƙwararrun da aka horar ne, su shafa na ɗan lokaci su wanke, mai kashi 50 zuwa 70 kuwa aikin asibiti ne, inda likita ke tsaye da agogo da ruwan kashe kaifin asid a hannu. A watan Yulin 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da su daina sayen irin waɗannan masu ƙarfi don amfani a gida, saboda ƙuna da tabon da suke jawowa.

Ga mai farawa, shawarata ita ce kashi 5 zuwa 7. Sinadarin yana zuwa a siga iri-iri: akwai sabulun ruwa na wanke fuska, wanda shi ne mafi sauƙi tunda minti ɗaya yake yi a wanke shi, akwai ruwan goge fuska da ake barinsa ya kwana, irin na The Ordinary mai kashi 7 da ya yaɗu a kasuwanninmu, akwai kuma man shafawa na jiki, wanda yakan kai kashi 10. Wadda ta san fatarta ba ta da juriya, turare ko sabon sabulu kaɗan ya taɓa ta sai ta yi ƙuraje, gara ta fara da mandelik ko laktik, domin ƙwayarsu ta fi girma kuma sun fi shiga a hankali.

A duba sunan kamfani da adireshinsa, da jerin abubuwan da aka haɗa, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC ga wanda ke Najeriya. Duk kayan da ya yi suna ana buga jabunsa, saboda haka farashin da ya faɗi ƙasa warwas abin zargi ne, haka ma rubutun da ke gogewa da yatsa ko murfin da aka taɓa buɗewa. Haɗin gida da ake ɗurawa a kwalba marar suna, ko da wace ce ta haɗa kuma ko nawa ne mabiyanta a Instagram, babu mai iya faɗin kashi nawa ne a ciki, har ita mai haɗin.

Mataki na uku: gwaji

A ɗiga kaɗan a cikin damtse ko a lanƙwasar gwiwar hannu, wuri kamar faɗin kwabo, a bar shi ya kwana, a maimaita dare uku a jere. Idan babu ja, babu kumburi, babu ƙaiƙayi, sai a gwada a ƙasan muƙamuƙi kusa da kunne, a jira kwana biyu. Ɗan tsikari na minti ɗaya ko biyu ba matsala ba ne. Raɗaɗin da ke ƙaruwa maimakon ya lafa, ko zafi kamar an shafa barkono, alama ce ta a wanke nan take a ajiye kwalbar.

Mataki na huɗu: shafawa a fuska

Da dare ake shafa shi, kuma ga mai salla lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan Isha'i, sa'ad da aka gama alwalar ƙarshe, don ya samu awanni yana aiki kafin alwalar Asuba ta wanke shi. A fara wanke fuska da sabulu mai sauƙi da ruwan da bai yi zafi ba. Sabulun salo yana da kaifi kuma yana busar da fata, saboda haka a daren da za a shafa asid a bar shi. A tsane fuskar da tawul mai laushi, dannawa ake yi ba gurzawa ba, sannan a jira kamar minti goma ta bushe ƙarau, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin shan sinadarin kuma ta fi saurin raɗaɗi.

Kafin a taɓa kwalbar, a lakaci basilin kaɗan a shafa a leɓe, da gefen hanci inda yake lanƙwasa, da kusurwar baki, da kewayen ido. Waɗannan wurare fatarsu siririya ce, ruwan kuma yakan taru a cikinsu, kuma a nan ne aka fi ganin baƙin da ke biyo bayan ƙuna. Daga nan a ɗiga ruwan a auduga har ta jiƙe ba tare da tana ɗiga ba, a shafa sau ɗaya a goshi, sau ɗaya a kowane kunci, sannan haɓa da karan hanci. Ba a komawa wuri ɗaya sau biyu ko uku da sunan a nan tabon ya fi yawa. Wannan kuskuren shi ya fi yawa a wurin masu farawa, kuma shi ke mayar da ƙaramin tabo babba. Bayan minti biyar zuwa goma, a bi da man da ke riƙe danshi, marar turare. Mai busasshiyar fata tana iya ɗora man kaɗanya kaɗan a sama, amma wadda fuskarta ke yawan maiƙo da ƙuraje ta nemi mai marar nauyi.

Yawan shafawar shi ne inda ake bukatar haƙuri. A mako biyu na farko, dare ɗaya a mako ya isa. Idan fatar ta karɓa, a koma dare biyu, a raba su, misali Litinin da Alhamis, a zauna a haka wata guda cur. Mafi yawan mutane ba sa bukatar wuce dare uku a mako, ko da an rubuta a kwalbar cewa ana iya shafawa kullum. Fata takan ɗauki wajen mako huɗu zuwa shida kafin ta sabunta samanta, saboda haka laushi yana iya bayyana da wuri, amma tabon ƙuraje sai an yi wata biyu zuwa uku kafin a ga bambanci na kirki. Yana da kyau a ɗauki hoton fuska a bakin taga ɗaya, da safe, a ranar farko da kuma ƙarshen kowane wata, domin idon da ke kallon madubi kullum ba ya lura da canjin da ke zuwa sannu a hankali, kuma rashin lurar ne ke tura mutum ya ƙara ƙarfi.

Akwai alamun da ke nuna an zarce: fuska ta riƙa ɗaurewa bayan wanka, ta yi wani ƙyalli kamar an ja leda a kanta, ruwan alwala ma ya riƙa yi mata zafi, ko ta fara saɓa a gefen baki. Da an ga ɗaya daga cikinsu a dakata mako biyu, ba a shafa komai sai mai da kariyar rana. A sani kuma cewa saɓar da ake gani da ido ba ita ce shaidar aiki ba, domin idan ana yin abin daidai matattun ƙwayoyin suna zuba ne ba tare da an gan su ba.

Mataki na biyar: rana

Wanda ba zai iya kare fuskarsa daga rana ba, gara kada ya fara. Sinadarin yana rage kaurin mataccen saman da ke tare wani ɓangare na hasken rana, kuma saboda haka ne a 2005 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta shawarci kamfanoni su rubuta gargaɗi a jikin kayan, cewa a yi amfani da kariyar rana muddin ana shafawa, har zuwa mako guda bayan an daina. Wannan gargaɗi an yi shi ne a ƙasar da ke da watannin sanyi da gajimare, balle mai zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Kowace safiya a shafa man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama da haka, gwargwadon layi biyu a tsawon yatsa manuniya da ta tsakiya, ya wadaci fuska da wuya. Alwala tana wanke shi, don haka wadda za ta fita bayan Azahar ta sake shafawa, wanda kuma yake wuni a waje, a kasuwa ko a kan babur, ya sabunta bayan kowace awa biyu. Da yawa suna gudun man saboda yana barin fari kamar toka a baƙar fata, amma akwai masu launin fata da ba sa yin haka, kuma irinsu masu ɗauke da sinadarin ƙarfe sun fi taimakon mai baƙin kumatu na haihuwa. Hijabi yana rufe wuya da gefen fuska, sai dai goshi da hanci da kumatu suna waje, don haka lema ko malafa suna da amfani na gaske.

Abin da ba a haɗa shi da shi

Ba a shafa shi a dare ɗaya da mayukan gyaran fata na retinol ko tiretinoyin, ko salisilik asid, ko man ƙuraje na benzoyil. Idan ana amfani da ɗaya daga cikinsu sai a raba musu darare. Lemon tsami da mata ke matsawa a haɗin fuska shi ma asid ne wanda ba a san ƙarfinsa ba, kuma ruwansa idan ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar baƙi. Dilka gurza ce, halawa kuma tana tafiya da gashi har da saman fata, don haka a dakatar da sinadarin aƙalla kwana biyar kafin a yi su, kada kuma a koma sai bayan kwana biyar. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana tsotse danshin fata har leɓe ya tsage, saboda haka mai yin dare uku ya koma ɗaya, ya ƙara mai, idan kuma fatar ta fara fari-fari tana ja to ya ajiye har sanyi ya wuce.

Idan tsautsayi ya faru aka ƙone, a tara wurin a ruwa mai sanyi da ke gudana na minti goma sha biyar zuwa ashirin, a shafa basilin zalla, a guji rana, kada a ɓamɓare ɓawon da zai fito. Ba a sa man goge baki ko toka ko ƙanƙara. Idan ya yi ƙuraje masu ruwa, ko ya shiga ido, ko fuska ta kumbura, a tafi asibiti a ranar tare da kwalbar.

Sauran jiki

Fatar jiki ta fi ta fuska kauri, don haka takan jure kashi 7 zuwa 10, dare biyu ko uku a mako, bayan wanka. Yana aiki sosai a kan ƙananan ƙuraje masu kaushi da ke fitowa a bayan damtse da cinya, kuma yana rage duhun gwiwa da gwiwar hannu idan matacciyar fata ce ta taru, ko da yake waɗannan gaɓoɓi a ɗabi'arsu sun fi sauran jiki duhu kuma haka za su zauna. A hammata yana rage wari, saboda tsaminsa yana takura wa ƙwayoyin cutar da ke sa gumi ya yi ɗoyi, amma ba ya hana gumin fita. Wurin a rufe yake kuma yana da danshi, saboda haka sau biyu a mako ya isa, kuma ba a shafawa sai an kwana biyu da aske gashi. Ba a kai shi al'aura ko kaɗan.

Akwai wani baƙi mai kauri da laushi kamar karan-miski da ke kwanciya a bayan wuya da hammata da matsematsi, wanda ake ɗauka dauɗa ce a yi ta gurza da soso. Wannan sau da yawa alama ce ta jiki ya fara gaza sarrafa sukari, musamman ga mai ƙiba, kuma abin da ya kamace shi shi ne gwajin jini a asibiti.

Maza masu fama da ƙurajen aski a haɓa da ƙeya suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar sinadarin. Gashinmu a murɗe yake, idan reza ta yanke shi ƙasa-ƙasa sai tsininsa ya lanƙwasa ya koma cikin fata, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Shafa mai kashi 5 zuwa 8 da dare, kwana ɗaya ko biyu bayan aski, yana buɗe wa gashin hanya, amma sai an haɗa da sauya salon askin: a bi inda gashin ya kwanta, ko a koma injin aski da ke barin ɗan tsawo.

Ga kaushi da faso, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma, a goga dutse a hankali, a tsane, a shafa sinadarin a dunduniya, a bi da basilin mai yawa, a sa safa a kwana. Man ƙafa mai yuriya na kantin magani yana ƙara saurin aikin. Fason da ya tsage har yana jini sai ya rufe tukuna, mai ciwon sukari kuwa kada ya sa wa ƙafarsa asid ko dutse sai da izinin likitansa, domin ƙaramin rauni a ƙafarsa yana iya zama gyambon da ba ya jin magani.

Fatar kai da gashi

Kan da ya yi makonni a cikin kitso, ana ta zuba masa mai, ga gumi a ƙarƙashin ɗankwali, yakan tara dauɗa da ɓawo a gindin gashi. Ranar tsifa, kafin wanki, a tsaga gashin layi-layi, a ɗiga ruwan mai kashi 5 zuwa 7 a kan fatar kai, a murza da tafin yatsu ba da farce ba, a bar shi minti goma, sannan a wanke da shamfu a bi da man laushin gashi. Sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya wadatar. A sunkuyar da kai baya lokacin ɗaurayewa don kada ruwan ya gangaro ido. Fatar kai ake nufa da shi, zuba shi a tsawon gashi yana busar da gashin ya sa shi karyewa.

Amosani na gaske yana da nasaba da wani naman gwari da ke rayuwa a fatar kai, don haka asid ɓawon kawai yake ɗagawa, maganin tushen kuwa shamfu ne mai ketokonazol. Makeron da ke cin kan yara sai da maganin sha daga asibiti, kuma ba a shafa wa yara wannan sinadari. Ba ya tsirar da gashi, kuma gaban goshin da kitso mai tsauri ya cinye sassauta kitson ne maganinsa tun kafin gindin gashin ya mutu. Wadda ta sa rilaksa ko rini ta bar mako biyu tsakani, gaba da baya, domin rilaksa kan bar ƙananan ƙuna a kai ko da ba a gan su ba.

A kula da wani suna mai kama da wannan. Wasu mayukan miƙar da gashi da ake bi da ƙarfen guga mai zafi suna ɗauke da gilayoksilik asid, wanda ake rubutawa Glyoxylic Acid, kuma likitoci a Isra'ila da Faransa sun ba da rahoton matan da ƙodarsu ta samu matsala farat ɗaya bayan an yi musu gyaran gashi da shi, har hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa ta yi gargaɗi a kansa a 2024. Harafi kaɗan ne ya raba sunayen biyu, saboda haka a karanta jikin robar da kyau kafin a zauna a kujerar mai gyaran gashi.

Farce

Amfaninsa a nan ɗan kaɗan ne. Yana tausasa busasshiyar fatar da ke gindin farce da gefensa, wadda wanke-wanke da omo ke sa ta tsattsage. Sau ɗaya a mako a jiƙa tsinken auduga a zagaya gindin kowane farce, a bar shi minti biyar, a ɗauraye, a tura fatar baya a hankali da gefen tawul, sannan a murza man kaɗanya ko man zaitun. Ba a yanke fatar nan da reza, domin ita ce ke toshe ƙofar da ƙwayoyin cuta za su bi su sa yatsa ya kumbura ya tara mugunya. Farcen da ya yi kauri ya koma rawaya yana marmashewa naman gwari ne ya kama shi, wanda ya fito da sabon baƙin layi mai faɗaɗa kuma likita ya kamata ya gani. Mai son lallenta ya daɗe ta nisanta sinadarin daga hannu da ƙafa, don yana sa shi saurin kodewa, wadda kuma baƙin lalle na rini ya tayar wa ƙuraje kada ta nemi goge zanen da asid.

Amarya da ke son ta ci moriyarsa ta fara tun ana saura wata uku ko huɗu, ta bi matakan nan a tsanake, sannan ta ajiye kwalbar ana saura kwana goma a fara dilka da halawa, ta bar wa fatar mai da inuwa har a gama biki. Idan an sa rana kusa, saura mako biyu ko uku, kada ta fara sabon abu a fuskarta ko da wa ya kawo mata shi. Kwalbar kuma a ajiye ta a rufe, cikin durowa, nesa da taga da hannun yara, a rubuta ranar da aka buɗe ta a gindinta, domin ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani da ke jikinta, mai lamba 6M ko 12M, yana nufin watannin da za ta yi tana da kyau bayan buɗewa.